Ba Haƙori Ba Ne

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in fara da kaina. Ni ce na ce haƙori ne. Da bakina na faɗa, ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince wake, ko ajiye faifan ban yi ba. Surukata ta zo ta durƙusa da yaron a kafaɗa, ta ce, "Inna, tun jiya yake zawo, ga jikinsa da zafi." Na goge hannu a zani, na sa yatsa a bakinsa, na ji dasashin ya ɗan tasa. Na ce, "Watansa nawa yanzu, takwas? Haƙori ne. Ki ɗura masa dauri, zai wuce." Ta ce to. In ba to ba, me za ta ce? Shekararta goma sha tara, wannan ne ɗanta na fari. Ni kuwa bakwai na haifa, na kuma yi shekara talatin da ɗoriya riƙe da alli a firamare a nan Tungan Magajiya.

Tsakiyar damina ne, cikin Agusta. Kashegari zawon bai tsaya ba, sai na ba almajirin gidanmu kuɗi ya je kemis ya karɓo maganin haƙori na kwalba. A dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali, irin ƙwanƙwasawar wanda yake tsoron a ce ya yi rashin kunya. Ta ce, "Inna, ya daina kuka." Na kusa cewa alhamdu lillahi, ya samu barci. Sai ta ƙara da cewa, "Tun la'asar bai jiƙa zani ba."

Na haska shi da tocila. Wannan mai gidan nawa da yake fizge mini ɗankwali yana ƙyalƙyala dariya, ga shi kwance sharaf, idanu sun zurma, leɓe ya bushe, maɗigarsa ta lotsa kamar an danna ƙullu da babban yatsa. An sa masa nono a baki, ya kasa ja.

Ubansa ya tada babur, mu uku da yaron muka hau. A asibiti wadda muka tarar a bakin aiki yarinya ce da ta bi ta ajina, ni na koya mata baƙi da wasali. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta kama fatar cikin yaron da yatsu biyu, ta ja, ta saki. Fatar ta tsaya a tattare kamar tsumma, sai can ta koma a hankali. Ta ce, "Malama, kwana nawa ke nan?" Na ce uku, amma ai haƙori yake yi. Ba ta ɗago ta dube ni ba, tana neman jijiya a bayan hannunsa, ta ce, "Malama, haƙori ba ya yin haka." An nema a hannu ba a samu ba, an nema a ƙafa ba a samu ba, duk jijiyoyin sun shige. Sai da aka aske gefen kansa sannan aka samu inda za a sa ƙarin ruwa. Kwananmu huɗu a can. Ya rayu, yanzu ma yana nan yana korar mini kaji.

Tun daga wannan daren nake da ra'ayin da zan faɗa a nan, kuma na san tsarana ba za su ji daɗinsa ba. A cikin abubuwan da suke kai yaranmu kushewa, ban san wanda ya kai wannan 'yar magana ta "haƙori ne" araha da saurin fita daga baki ba. Ita kanta ba ta kisa. Abin da take yi shi ne ta ci kwana uku. Kuma galibi daga bakinmu take fitowa, mu kakanni, mu da ba a musa mana.

Kada a ce na ce fitar haƙori ba ta da wahala. Tana da ita. Yaro yana dalalar da miyau, dasashi yana yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya ciza, yana rigima, wani lokaci ya ƙi abinci na yini guda, jiki ya ɗan yi ɗumi. Iyakarta ke nan. Zawon da ake canja zani sau shida kafin azahar, da amai, da zazzaɓin da kina taɓa yaro za ki ji kamar kin taɓa murfin tukunya, da shiɗewa har ido ya juye, waɗannan ciwo ne, kowannensu da sunansa da maganinsa.

To me ya sa kakanninmu suka haɗa su? Ba wauta ba ce, idonsu ya ga wani abu na gaskiya. Haƙorin farko yakan ɓullo ne wajen wata shida. A daidai wannan lokacin ne garkuwar da yaro ya fito da ita daga cikin uwarsa take ja da baya, tasa kuma ba ta gama ƙwari ba. A lokacin ne ake fara ba shi koko da kunu, sau da yawa wanda aka dama tun safe ya wuni a kofi ƙuda yana bi. A lokacin ne ya fara zama, ya fara rarrafe a tsakar gidan da kaji da awaki suke yawo, abin da hannunsa ya kai kuwa baki ya nufa. Haƙoran yarinta guda ashirin ne, kuma ba sa gama fitowa sai yaro ya kai shekara biyu da rabi ko uku. Ke nan a duk tsawon shekarun da yaro ya fi saurin kamuwa da ciwo, duk ranar da kika duba bakinsa za ki samu haƙorin da ya fito, ko wanda yake hanya. Ɓarawo ya shigo ta katanga, mu kuma muka kama baƙon da muka tarar a zaure.

Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan kamun ba. A Ingila da Wales, a shekarar 1839, rajistar mace-mace ta gwamnati ta rubuta yara fiye da 5,000 a matsayin waɗanda haƙori ya kashe. Likitocinsu na wancan zamani har tsaga dasashin jarirai suke yi da wuƙa, wai don su buɗe wa haƙori hanya. Suna kuma ba su wani garin magani mai ɗauke da sinadarin makuri, wanda ya riƙa sa wa yara wata cuta da take mai da tafin hannu da na ƙafa jajir, har sai da aka cire shi daga maganin a shekarun 1950 cutar ta ɓace. Su sun bar wannan magana, mu muna riƙe da ita. Na kawo wannan ne don 'yan bokon da suke ganin duk abin da tsohuwa ta faɗa duhun kai ne na baƙar fata. Kuskuren 'yan Adam ne, masu digiri ma sun yi shi.

Mu ma maganin haƙori ya taɓa yi mana ɓarna a fili. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani ruwan magani mai suna My Pikin, da ake sayarwa don yara masu fitar da haƙori, ya kashe yara 84 a ƙasar nan. An gano akwai wani sinadari mai guba a cikinsa da yake lalata ƙoda, hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, daga baya kotu ta ɗaure wasu ma'aikatansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, iyayen nan ƙauna ce ta sa suka saya. Da kuɗinsu suka je neman maganin abin da ba ya bukatar magani.

Ko da kwalbar ba ta da guba, ɓarnarta tana nan. Takan sa jiki ya ɗan yi sanyi, yaro ya lafa, uwa ta ga kamar sauƙi ya samu, alhali ruwan jikinsa yana ta zuba. Babban mutum zai yi zawo na kwana uku ya tashi yana tangaɗi. Jariri ɗan kilo bakwai ba shi da wannan ajiyar. Ba ƙwayar cutar ce take fara gamawa da shi ba, bushewa ce.

Ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na san ruwan gishiri da sukari. Ba jin labarinsa na yi ba, koyar da shi na yi. Lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi kansa likitan yara ne, yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, zamanin mulkin Babangida, an yi ta yekuwar wannan haɗi, mu malamai muna rubuta shi a allo yara suna haddacewa. Yau ma in aka tashe ni daga barci zan faɗa: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato kimanin ledar fiya-wata biyu, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ya fi shi kuma shi ne na ƙunshi, ORS, da ake samu a kemis da ɗakin shan magani, a haɗa da ƙwayar zink kullum har kwana goma zuwa sha huɗu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004. A riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ya amayar a dakata minti goma a ci gaba, kuma kada a janye nono. Har dalilin haɗin na sani: hanji ko yana cikin zawo yana iya tsotse gishiri in sukari ya raka shi, ruwa kuma ya bi bayansu.

Duk wannan yana kaina a ranar da nake tsince wake. Me ya hana ni amfani da shi? Ruwan gishiri da sukari na mai ciwo ne, ni kuwa na riga na yanke cewa yaron ba ciwo yake yi ba, haƙori yake yi. Da zarar an ambaci haƙori an fitar da yaro daga sahun marasa lafiya, an sa shi a sahun masu girma. Wa zai kai yaro asibiti don yana girma? Shi ya sa nake ganin duk wayar da kan da ake yi a kan zawo, in ba a kama wannan kalma da sunanta an karya ta ba, zuba ruwa ne a rariya.

Sai kuma tambayar wa ake wayar wa kai. Ku je ranar awo ko ranar rigakafi ku ga benci cike da ƙananan mata da goyo, malamar asibiti tana tsaye tana bayani da iya ƙarfinta, suna gyaɗa kai. Sun ji, da yawansu sun yarda. Amma yarinyar nan in ta koma gida ba ita ke da gida ba. Akwai uwar miji, akwai uwargida, akwai gwaggon miji da ta zo zaman jego ba ta tafi ba, akwai mai gidan da sai da izininsa da kuɗinsa za a fita. An ba wa wadda ba ta da murya ilimi, an bar masu murya da abin da suka gada.

Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ban taɓa jin mai wa'azin lafiya ya taɓo ta ba. Mu muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan cewa ba a rawar jiki a kan ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ma sai ki kau da kai wata ta ɗauka. Al'ada ce mai kyan gani, ni ma na yi, ban kuma ce a watsar ba. Amma ku duba abin da ta jawo a gidana. Surukata ta fi ni sanin halin da ɗanta yake ciki, ita take canja zanin, ita ta ƙirga. Daga baya ta gaya mini tun daren farko hankalinta bai kwanta ba, sau biyu tana zuwa bakin ƙofata tana komawa, don kada a ce ta cika zaƙewa a kan ɗan fari. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan daren yarinyar ce ta hango, babbar tana minshari.

Akwai ƙasar da ta kama bakin zaren nan, kuma ba mai arziki ba ce. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, dangin marasa lafiya suna ɗiba suna ba su. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Bayan haka, daga 1980 zuwa 1990, a cikin Bangladesh ɗin, wata ƙungiya mai suna BRAC ta tura mata gida-gida, suka shiga gidaje wajen miliyan 12. Ba takarda suka raba ba. Zama suke yi a tsakar gida, a ɗebi gishiri da yatsu uku, a damƙi mazarƙwaila cikin tafin hannu, a dama a rabin lita na ruwa, matar gida ta haɗa da hannunta a gabansu. Ladan mai koyarwa kuma ya danganta ne da abin da matar ta iya tunawa in masu bincike suka biyo baya. A matsayina na tsohuwar malama, wannan na ƙarshen ya burge ni ƙwarai.

Mu a Tungan Magajiya me muka rasa? Garin nan da asibiti aka san shi tun zamanin 'yan mishan, mutane suna zuwa daga Rijau da Dukku da Warari da Genu, har daga ƙasar Zuru. Muna da makarantar koyon aikin lafiya ta jiha a cikin garin, kowace shekara tana yaye matasa, a cikinsu akwai masu jin Dukkanci da Kambarci da Dakarci da Fillanci ban da Hausar da ta haɗa mu a kasuwa. Abin da nake roƙo bai kai gina sabon ɗaki tsada ba. Idan ɗalibai za su fita aikin gwaji cikin ƙauyuka, a ba kowannensu gidaje, a ce tsohuwar gidan zai nema, ba amarya ba. Ya gaishe ta, ya zauna ƙasa, ya fara tambayarta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suke raye, sauran me ya ɗauke su. Zai ji "haƙori" da kunnensa. Daga nan sai a fara magana. A yi wa ungozoma haka, a yi wa wanzami haka, tunda su ake kira kafin a tuna da asibiti. Liman ya faɗa wa maza bayan sallar Juma'a, fasto ya faɗa ranar Lahadi, cewa mace ba ta bukatar jiran mai gida ya dawo daga gona ko kasuwar Kontagora kafin ta kai yaro mai zawo ko zazzaɓi asibiti. A ba da izinin tun yau, a ajiye kuɗin ɗan acaɓa a ƙarƙashin katifa.

Masu kemis kuma, 'ya'yana ne da yawansu, ina da magana da ku. In aka aiko yaro ya ce a ba shi maganin haƙori, ku tambaya me jaririn yake yi. In zawo ne, ORS da zink za ku miƙa, ko da ribarsu ba ta kai ta kwalba ba. Ba kowane zawo ne yake son Flagyl ba, yawancin na jarirai ma ba ya jin sa.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini a gidan suna. Wata tsarata ta ce, "Ke Malama kina cikin gari, asibiti yana bayan gidanki. Mu da muke tunga, wa zai hau babur da ƙarfe ɗayan dare a wannan zamani na 'yan bindiga?" Gaskiyarta. Akwai hanyoyin da a ƙasar Kontagora yanzu ko da rana sai da addu'a ake bin su, ga tsadar mai, ga tsadar magani. Ban da amsar wannan, nauyin hukuma ne, kuma ba ta sauke shi ba. Amma maganarta ƙarfafa tawa ta yi. Wanda ba zai iya fita da dare ba, shi ya fi kowa bukatar ya gane ciwo tun da hantsi a ranar farko, lokacin da cokali da kofi za su iya abin da a rana ta uku sai allura a jijiyar kai. Mai asibiti a bayan gida yana iya yin sakaci ya tsira, kamar yadda na tsira. Na tunga ba shi da wannan rangwamen.

Zazzaɓi ma haka. A damina, yaron da jikinsa ya yi zafi a ƙasar nan, zazzaɓin cizon sauro ake fara zargi har sai gwaji ya wanke shi, gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa da jiran minti goma sha biyar zuwa ashirin. Masu zagawa gida-gida da maganin kariya na wata-wata ga yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, a bar su su shigo, kuma a ƙarasa na kwana biyun da suke barin wa uwa, kada a jefa a kwalla. Tun Agustan 2022 an ƙara ɗigon rota cikin rigakafin jarirai, a sati shida da goma da sha huɗu, shi kuwa maganin ƙwayar da ta fi kawo mummunan zawo ga ƙananan yara ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Na 2023 zuwa 2024 ya ce 110. An samu sauƙi, amma har yanzu kusan ɗaya cikin tara ke nan. Ajin da nake koyarwa yakan kai yara arba'in da biyar, sai in riƙa lissafa biyar ɗin da ba su iso bencin ba.

Na yarda da ajali, kada wani ya yi mini wa'azi a kansa. Na binne 'ya. Ta biyu ce a wurina, watanta goma, a shekarar da soja suka hamɓarar da Shagari. Kwana huɗu ta yi tana zawo da amai, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, mace mai kirki da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ta jiƙa dauri, ta kwaɓa magani ta shafa mata a maɗigar da ta faɗa. A rana ta biyar da asuba aka ɗauke ta a tabarma. Shekara arba'in duk wanda ya tambaye ni sai in ce haƙori ne ya tafi da ita, ina faɗa hankalina kwance, kamar na ce ruwa ya ci ta. Sai a daren nan, ina tsaye ina kallon ana aske gefen kan jikana, na ga fuskarta sak, idon nan da ya zurma, leɓen nan. Ban gaya wa kowa ba a lokacin. Na fita baranda na zauna a kan siminti har aka kira assalatu.

Haƙorin nasa kuwa sai bayan sati uku da sallamarmu ya fito, guda biyu a ƙasa. Babu zawo, babu zazzaɓi, babu wanda ya ma sani. Uwar ce tana ba shi nono da yamma muka ji ta ce "wash", ta cire shi da sauri. Ta dube ni, na dube ta, sai ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi.